Me ya sa waya ke kawo mini bidiyon da ban taɓa nema ba?

Ga tambayar da aka aiko, a taƙaice: "Malam, ni abin da nake kallo a waya bai wuce ƙwallo da karatun malamai ba. Amma kwanan nan sai ga wani Bature yana yanke wa shanu kofato, sai ga wasu suna magana da yaren da ban taɓa ji ba, sai ga bidiyon da aka ɗora shekara goma da suka wuce. Abin da ya fi damuna, wani lokaci sai a jefo mini mata suna rawa kusan tsirara, alhali wallahi ban taɓa neman irin wannan ba, har ina jin nauyin buɗe waya a gaban iyalina. Kuma rannan muna hirar takalmi da abokina, da yamma sai ga tallan takalmi. Wayar tana sauraronmu ne, ko kutse aka yi mini?"

Ɗan'uwa, da farko ka kwantar da hankalinka. Duk abin da ka lissafo babu wanda ke nuna alamar kutse, babu kuma wanda ke nuna kai mutumin banza ne. Na daɗe ina aikin gina irin waɗannan tsare-tsare masu zaɓar wa mutum abin da zai gani, kuma koke irin naka na ji shi a bakin maza da mata, manya da yara. Amma fa ruwa ba ya tsami banza. Kowane bidiyo da ya faɗo maka akwai hanyar da ya biyo, kuma mafi yawan lokuta hanyar nan ta kan babban yatsanka ta bi, ba ta cikin zuciyarka ba.

Babu wani mutum da ke zaune a ofis yana cewa a tura wa wane kaza. Ba zai ma yiwu ba. Tun a 2019 aka bayyana cewa a kowane minti ɗaya ana ɗora wa YouTube bidiyo na sama da awa 500. Abin da ke yin zaɓen wani tsarin lissafi ne da ake kira algoridim, kuma galibi aiki biyu yake yi a jere. A 2016 wasu injiniyoyin Google su uku sun wallafa bayanin yadda na YouTube ke tafiya: matakin farko ya tsamo 'yan ɗaruruwa daga cikin miliyoyin bidiyo, na biyu ya ba kowanne maki, ya jera su, ya miƙo maka waɗanda suka zo sama. Duk wannan kafin allon ya gama buɗewa. Da Twitter (wanda aka sauya wa suna zuwa X) ya fito da wani ɓangare na lissafinsa fili a watan Maris na 2023, kusan abu ɗaya aka gani: a tsamo rubuce-rubuce wajen 1,500, kimanin rabinsu daga mutanen da ba ka ma bin su, sannan a tace.

To da me ake ba da makin? A nan gizo ke saƙar. Da can abin da aka fi dubawa shi ne dannawa. Sai masu ɗora bidiyo suka gano lagon, suka riƙa sa hoton yaudara da take mai jan hankali, mutum ya danna, ya ga ba komai, ya fita da haushi. A 2012 YouTube ya sauya ma'auni, ya koma kan tsawon lokacin da aka ɗauka ana kallo. TikTok ya zo ya ƙure abin, domin a can ba ka ma dannawa, bidiyon da kansa yake tashi, abin da ya rage maka kawai ka tsaya ko ka wuce. Kamfanin da bakinsa ya faɗa a 2020 cewa kallon dogon bidiyo har ƙarshe yana da nauyi sosai a lissafinsa, fiye da ƙasar da kake ko irin wayar da kake riƙe da ita. A 2021 jaridar Wall Street Journal ta buɗe asusun bogi sama da 100 a TikTok, kwamfuta ce ke sarrafa su. Ba su faɗa wa manhajar abin da suke so ba, sai dai su ɗan dakata a kan irin bidiyon da aka tsara musu, ko su maimaita kallonsa. Dakatawar nan kaɗai ta wadatar. Cikin ƙasa da awa biyu manhajar ta gane inda da yawansu suka karkata, wasu ma ba a kai minti 40 ba.

Yanzu mu dawo kan mai yanke kofato. Ka tuna ranar da ya fara fito maka. Wuƙar tana fere kofaton sala-sala, dattin waje na zubewa, fari tas na ƙasa yana bayyana. Can sai ga wani ɗan baƙin tabo, mutumin ya rage hannu, ya shiga sassaƙa kewayensa a hankali. Wa zai wuce bai ga abin da ke ciki ba? Ka tsaya har aka zaro ƙusar, ruwan ciwon ya tsarto, aka ɗaure ƙafar, saniyar ta taka ta tafi. Ba ka danna layik ba, ba ka ce uffan ba, wataƙila ma ka yatsine fuska. Amma a wajen na'ura ka ba da minti guda cur, alhali bidiyon ƙwallon da kake so sakan goma ka ba shi ka wuce, saboda ka riga ka san yadda wasan ya tashi. Da wanne kake tsammanin za a ƙaro maka gobe?

Idan aka yi hatsarin mota a kan hanya, duk mai wucewa sai ya rage gudu ya leƙa. Wanda aka ajiye a gefe yana ƙirga masu leƙawa, in bai san halin ɗan Adam ba, sai ya rubuta cewa mutanen nan babu abin da suke ƙauna kamar hatsari, ya kamata a ƙaro musu. Haka tsarin yake. Kallon sha'awa, da kallon mamaki, da na ƙyama, da na wanda ya ajiye waya ya tafi buɗe ƙofa bidiyo na ta maimaita kansa, duk da ma'auni ɗaya yake auna su.

Sai maganar matan da ta fi damunka. Ba kai kaɗai tsarin ke kallo ba. Dabarar ta daɗe: tun 2003 injiniyoyin Amazon suka bayyana yadda suke gano cewa waɗanda suka sayi wannan sukan sayi wancan, a 2006 kuma Netflix ya sa gasar dala miliyan ɗaya ga duk wanda zai inganta masa hasashen fim ɗin da mutum zai so. Yau abin ya zurfafa. Ana mayar da kowane bidiyo jerin lambobi, kai ma a mayar da kai jerin lambobi, duk abin da lambobinsa suka matso kusa da naka sai a ɗauko. Lambobin nan kuwa ba halinka kaɗai ya gina su ba, har da halin dubban mutanen da ba ka taɓa haɗuwa da su ba, waɗanda suka tsaya a inda ka tsaya. Idan a cikin maza tsararrakinka masu kallon ƙwallo da tsakar dare akwai da yawa da ke dakatawa in mai rawa ta bayyana, to kai ma za a gwada ka. In ka wuce nan take, an samu amsa. In ka tsaya sakan uku kana salati kana mamakin yadda aka yi wannan ya shigo wayarka, nan ma an samu amsa, sai dai ba wadda kake nufi ba. Wanda ya shiga wurin sharhi ya rubuta "Allah ya shirye ku" kuwa, babbar hidima ya yi wa bidiyon: ya tsaya, ya buɗe sharhi, ya yi rubutu, kuma duk tsawon lokacin bidiyon na ta juyawa a bayan rubutunsa.

Ina jaddada wannan ne domin yana haddasa zargi tsakanin miji da mata, da tsakanin iyaye da 'ya'ya, kuma zargin yakan faɗa kan wanda bai ji ba bai gani ba. Ganin abu a shafin farkon mutum ba hujja ba ce cewa shi ya neme shi. Tarihin bincike shi ke nuna abin da aka rubuta da hannu. In shafin ya cika maƙil da abu iri ɗaya mako da makonni, gaskiya ne ana tsayawa a kansa, amma ko a nan sai an tambayi su wa ke taɓa wayar. Na'urar ba ta san an miƙa wa ƙane ko aboki waya na rabin awa ba. A wajenta duk yatsan da ya taɓa allon naka ne.

Baƙon yare da tsohon bidiyo kuma, yawancinsu da gangan ake sako su. Tsarin da ke ba ka abin da ya riga ya san kana kallo kawai, ba zai taɓa gano sabon abin da zai riƙe ka ba, kuma wata rana za ka gaji ka rufe manhajar. Don haka masu gina shi sukan ware wani kaso na gwaji, a jefo maka abin da ba a da tabbas a kansa, a ga yadda za ka yi. TikTok ya faɗi haka ƙarara a bayanin nan nasa na 2020, cewa za ka riƙa cin karo da abin da bai yi kama da ra'ayinka ba. Ga kuma wata larurar: bidiyon da aka ɗora yanzun nan babu wanda ya taɓa kallonsa, ba a san komai a kansa ba, dole a nuna wa wasu mutane kafin a san darajarsa. Wani lokaci kai ne a cikin mutanen. Tsohon bidiyo ma haka: a gwada shi a kan 'yan kaɗan, a ga sun kalla har ƙarshe, a faɗaɗa, waɗancan ma su tsaya, kafin ka ce kwabo ya zagaye duniya. Shi ya sa za ka tarar da bidiyon 2011 amma sharhin da ke ƙasansa duk na wannan makon ne, kowa na tambayar me ya kawo shi nan. Bidiyon da ba ya buƙatar a ji magana, irin na kafinta, da maƙeri, da injin da ke markaɗe ƙarfe, shi ya fi saurin tsallake iyaka, don babu harshen da zai tare shi.

Ka ce kwanan nan abin ya tsananta, kuma ba idonka ba ne. A watan Yulin 2022 Mark Zuckerberg, shugaban kamfanin Meta mai Facebook da Instagram, ya ce kusan kashi 15 cikin 100 na abin da mutum ke gani a shafin farkon Facebook daga asusun da ba ya bi yake fitowa, kuma suna sa ran ninka wannan kafin ƙarshen 2023. Gasar TikTok ce ta tura su. Shafin da a da yake na 'yan'uwa da abokai ya zama na baƙi.

Mu da ba da Ingilishi muke mu'amala ba kuma, matsalarmu ta fi girma. Abin da aka ɗora da harshenmu bai kai na manyan harsuna yawa ba, don haka tsarin kan rasa abin ba mu da wuri, ya shiga cike gurbi da duk abin da ya samu. Matatar da ke kama batsa da ƙarya da ƙiyayya ita ma ba ta jin harsunanmu kamar yadda take jin Ingilishi. A 2021 gidauniyar Mozilla ta tattara rahotannin masu kallon YouTube kan bidiyon da suka yi nadamar gani. Kashi 71 cikin 100 na bidiyoyin, YouTube ne da kansa ya kawo musu, ba su suka nema ba, kuma yawan nadamar a ƙasashen da Ingilishi ba shi ne harshen farko ba ya ɗara na sauran da kashi 60 cikin 100.

Kada duk wannan bayani ya sa ka ɗauka laifin yatsanka ne. Ni a ganina laifin na waɗanda ke yanke hukuncin me za a auna ne, domin lissafi ba ya zaɓar wa kansa manufa. Mutane ne ke zama su ce layik maki kaza, sharhi maki kaza. Takardun cikin gida da Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, ta fitar a 2021 sun nuna cewa daga 2017 kamfanin ya ba alamomin nan na fuska, har da ta fushi, nauyin da ya ninka na layik sau biyar. Ma'aikatansa da kansu suka gano cewa rubutun da ke tara alamar fushi ya fi yawan zama ƙarya ko cin mutunci, amma sai a 2020 aka mayar da nauyin alamar sifili. Duk tsawon shekarun nan, abin da ya fi ɓata wa mutane rai shi ake turo musu, kuma ba su suka roƙa ba. A ƙarshen Fabrairun 2025 masu amfani da Instagram a ƙasashe da dama suka wayi gari da bidiyoyin kisa da jini jere a shafinsu, har kamfanin Meta ya fito ya ba da haƙuri ya ce kuskure ne. Mutanen nan babu abin da suka sauya a halinsu tsakanin jiya da yau. Wani abu aka taɓa a can, miliyoyi suka gani a nan.

Akwai kuma masu noman tsarin, waɗanda sana'arsu ke nan. A 2024 masu bincike a jami'ar Stanford sun bibiyi shafukan Facebook 120 da ke ɗora hotunan ƙirƙirarriyar basira: yaro a gefen wani katafaren mutum-mutumi wai shi ya haɗa da robobin ruwa, gidajen katako da babu su a duniya, hotunan addini masu ban al'ajabi. Jama'a na ta zuba addu'a da yabo a ƙasa, tsarin na ganin taro, yana ƙara turawa ga waɗanda ba sa ma bin shafukan. Duk "amin" da ka rubuta a ƙarƙashin irin wannan hoto, ƙuri'a ce ka jefa a kawo maka wani.

Inda abin ke ba ni takaici shi ne inda rashin sanin nan ke cutar da mai rauni. A Disambar 2018 wata ma'aikaciyar jaridar Washington Post, Gillian Brockell, ta rubuta wa kamfanonin nan buɗaɗɗiyar wasiƙa. Sun gane tana da ciki, suka yi ta nuna mata tallan kayan haihuwa. Ta haifi ɗan ba rai, ta dawo gida, tallan bai tsaya ba. A Ingila kuma, a 2022, mai binciken musabbabin mutuwa ya yanke cewa abubuwan da wata yarinya 'yar shekara 14 ta yi ta gani a intanet kan baƙin ciki da cutar da kai sun taimaka wajen rasuwarta a 2017, kuma wasunsu ba ita ta nema ba, turo mata aka yi. Wanda ke cikin damuwa yakan tsaya a kan abin damuwa, tsarin kuma ya ɗauki tsayawar a matsayin "ƙaro mini".

Batun sauraro. A 2018 masu bincike a jami'ar Northeastern da ke Amurka sun gwada manhajojin Android sama da 17,000, ba su samu wadda ke kunna makirfo a ɓoye tana aika murya ba, ko da yake sun kama wasu na aika hoton abin da ke kan allo ga wasu kamfanoni. A shekarar ce Zuckerberg ya musanta zargin a gaban majalisar dattawan Amurka. Ban ce ka amince da su ido rufe ba: a farkon 2025 Apple ya yarda ya biya dala miliyan 95 don sasanta ƙarar da aka shigar cewa Siri, manhajarsa mai karɓar umarni da murya, na tashi bisa kuskure ta naɗi hirar mutane, duk da kamfanin bai amsa laifi ba. Amma game da takalminka, akwai hanyar da ta fi sauraro sauƙi da arha. Abokin naka wataƙila ya riga ya nemi takalmin a wayarsa, shi ya sa ma ya ɗauko hirar. Lambarka na cikin wayarsa, kuna abota a shafin, kun zauna wuri ɗaya, ƙila kun hau wayifai ɗaya. Shafukan sayayya da yawa kuma suna ɗauke da wata 'yar alamar Meta ko Google da ke kai rahoton wanda ya ziyarce su. In aka haɗa waɗannan, ba a buƙatar kunne. Sannan ka tuna tallace-tallace nawa ke wuce ka a rana ba ka lura ba. Na takalmin ma mai yiwuwa ya sha wucewa, hirar ce ta sa idonka ya kama shi. Duk da haka ka shiga saitin waya ka cire izinin makirfo da na wurin da kake ga duk manhajar da ba ta buƙatarsu, ka kuma hana su kwasar lambobin da ke wayarka.

Abin yi game da shafin naka, mafi ƙarfinsa shi ne mafi sauƙi: abin da ba ka so, wuce shi a sakan na farko. Kada ka tsaya tabbatarwa, kada ka buɗe sharhi, kada ka yi wa'azi a ƙasansa, kada ka tura wa aboki don ya ga lalacewar zamani, domin turawa na cikin alamomi masu nauyi. Maɓallan ƙorafi suna aiki, amma ba ƙarfinsu ɗaya ba. A 2022 Mozilla ta sake wani binciken da mutum sama da 20,000: maɓallin YouTube mai cewa ba ka sha'awar bidiyo ya tare kashi 11 cikin 100 ne kawai na ire-irensa, na babban yatsa ƙasa kashi 12, goge bidiyon daga tarihin kallo kashi 29, shi kuwa mai cewa kada a sake kawo wannan tashar kashi 43. Ke nan ka fi samun biyan buƙata in ka toshe tashar ɗungurungum, ka kuma shiga tarihin kallo ka share abin da ya jawo ta.

In abin ya riga ya dagule, TikTok tun 2023 yana da wurin sabunta shafin farko kamar yau ka buɗe asusu, Instagram ma ya sanar da irinsa a ƙarshen 2024. Bayan ka sabunta, kwanakin farko su ne masu muhimmanci, don a lokacin tsarin ba shi da komai a kanka sai abin da ka ba shi. Ka nemi malaman da kake saurare da sunansu, ka kalli karatun har ƙarshe, ka bi tashoshin ƙwallon da kake so. Za a ci gaba da jefo gwaji jefi-jefi, wannan ba ya ƙarewa, amma zai ragu sosai in ba ya samun tsayawa. Facebook, Instagram, TikTok da X duk suna da ɓangaren da ke nuna waɗanda kake bi kawai, sai dai ba shi suke buɗe maka da farko ba, kai za ka neme shi.

Yaran gida kuma kada su yi kallo da asusunka, kai ma kada ka yi da nasu. Ka buɗe musu nasu da shekarunsu na gaskiya, domin kariyar da kamfanonin ke sa wa ƙananan yara da shekarun da aka rubuta take aiki. Lokaci zuwa lokaci ka zauna kusa da su, su ja allon kana gani na minti biyar, ka tambaye su wanne ne a ciki suka nema, wanne ne ya zo da kansa.